WANDA YA TUBA DAGA ƘWAYA, A KAI SHI ASIBITI

Duk wanda ya ratsa kasuwar Talata Mafara ranar Talata bayan ta watse, ko ya tsaya a tashar mota ta Maradun ko ta Bakura, ko ya bi bakin hanyoyin ruwan Bakolori lokacin dashen shinkafa, ba ya bukatar a ba shi labari. Fankon katin Tramol yana nan zube a ƙasa tamkar ɓawon gyaɗa. Masu shan sa kuwa ba daga sama suka faɗo ba. 'Ya'yan Musulmi ne, ƙannen 'yan'uwa ne da abokan tasowarsu, da yawansu sun yi makarantar allo, wasu ma sahu ɗaya ake tsayawa da su ranar Juma'a. Wannan ya sha don ya wuni cur yana ƙwadago a fadama, wancan don ya jure ramin haƙar zinare, ɗan acaɓa don ya kai dare a kan babur, wani kuma don ya samu ya runtsa, domin tun daren da 'yan bindiga suka shiga garinsu barci ya ƙaurace masa. Sai ɗan bangar siyasa, wanda shi ubangidansa ne ma yake saya masa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a watan Janairun 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka sha kayan maye a cikin shekara guda a Nijeriya, ban da taba da giya. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 ƙwayoyin kashe raɗaɗi irin su Tramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A Arewa maso Yamma Kano ce kan gaba da kashi 16 cikin 100, sai Zamfara ta rufa mata baya da kashi 13.5. Kuma a cikin kowane mashaya biyar, ɗaya ya riga ya kamu, wato abin ya zame masa ciwo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

A ranar 27 ga Oktoban 1999 aka yi gangamin ƙaddamar da Shari'a a Gusau, aka rufe gidajen giya, jama'a suka yi kabbara. To, giya tana da wari, tana da kwalba, tana da gidan da ake shan ta. Ƙwaya kuwa a aljihun riga take kwana, a kemis ake sayen ta, a farantin mai talla take yawo tare da maganin ciwon kai. A watan Mayun 2018, bayan fim ɗin tonon asiri da BBC ta yi, gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a watan Fabrairun 2025 aka sake bankaɗo wani kamfani a Mumbai ta Indiya yana haɗa wasu ƙwayoyi, irin su Tafrodol, da sinadarai biyu masu haɗari, yana turo su Afirka ta Yamma. 'Yan jari-hujjar da ke wannan ciniki sun san abin da suke sayarwa, masu buɗe musu tashar jiragen ruwa da kan iyaka su ma sun sani, kuma hisabinsu yana nan tafe.

Amma ba a kansu wannan sharhi zai tsaya ba. Akwai wata magana da masu wa'azi ba su cika taɓawa ba, alhali rayuka suna salwanta a kanta. Malam ya yi wa'azi, zuciyar yaro ta karye, ya yi kuka, ya ɗaga hannu ya ce daga yau ya bari. Alhamdu lillahi. To, gobe fa? Jibi fa? Abin da aka saba gani shi ne, kwana biyu ko uku sai a gan shi a inda ya baro, sai a ce ai dama tubar muzuru ya yi. Galibi ba haka ba ne. Zuciyarsa ta tuba da gaske, jikinsa ne ya tayar masa da yaƙin da ba wanda ya gaya masa yana zuwa, kuma ba wanda ya tsaya masa a ciki.

Hausawa sun ce sabo turken wawa, likitoci kuma sun bi diddigin yadda turken yake kafuwa. Idan mutum ya daɗe yana zuba wa ƙwaƙwalwarsa wani sinadari kullum, sai ta sake saitin kanta a kan cewa wannan abu yana nan tafe. Abin da ƙwaya take kwantarwa, sai jiki ya ƙara tayar da shi don ya daidaita. Shi ya sa wanda ya fara da ƙwara ɗaya yake komawa biyu, ya koma kati. Ran da aka zare ƙwayar gaba ɗaya, sai jiki ya zama kamar mutum biyu suna tura ƙofa, ɗaya ya saki ba shiri. Wannan shi ne ciwon yaye, kuma ciwo ne na haƙiƙa wanda ake aunawa, ake bai wa magani.

Ta yaya ake gane wanda ya kamu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara alamun a abu uku. Mutum ya kasa riƙe linzamin shansa: ya yi niyyar ɗaya ya sha huɗu, ya sha yin alkawarin bari yana karyawa. Shan ya hau kan komai na rayuwarsa, ya gabaci salla da sana'a da iyali, yana ganin ɓarnar da idonsa amma yana ci gaba. Sannan jikinsa ya saba, har sai ya ƙara yawa kafin ya ji ta, in bai samu ba kuma ya kwanta ciwo. Ba lallai ne a gan shi yana tangaɗi ba. Mai shan Tramol sau da yawa shi ne ma wanda ake yabo da ƙwazo a gona. Abin lura shi ne ramewa ba dalili, da rashin cin abinci, da yawan sosa jiki, da saurin fushi da safe wanda ke gushewa da zarar ya ɗan fita ya dawo, da bashin da ba a san inda kuɗin ya tafi ba. Haka nan saurayin da bai taɓa farfaɗiya ba, rana tsaka ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, to a binciki Tramol. Iyakar abin da likita yake bai wa majinyaci babba a wuni shi ne miligiram 400, na kan titi kuwa akwai mai 225 a ƙwara ɗaya, biyu kawai sun zarce kima, kuma jijjiga tana daga cikin sanannun illolinta.

Yayen Tramol da kodin da danginsu yakan soma ne tsakanin awa 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci da ido suna zubar ruwa, gumi, tsigar jiki tana tashi, ciwon gaɓoɓi kamar an yi wa mutum duka, murɗar ciki, amai da gudawa, ga barci ya ƙi zuwa, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya. Abin yakan kai maƙura a kwana na biyu zuwa na uku, ya lafa cikin mako guda ko kwana goma. Duk wanda ya karanta waɗannan alamu zai ga sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Haka kuwa ake yi: a kai shi kemis, a yi masa allurar maleriya, a ɗaura masa ruwa, ya koma gida ciwo yana nan, sai wani aboki ya miƙo masa ƙwara ɗaya, kafin awa guda ya miƙe garau. Daga ranar ya gama yarda cewa ba zai iya rayuwa ba sai da ita. A watan Ramadan abin ya fi fitowa fili, domin wanda ya sha da sahur, kafin la'asar jikinsa ya fara karɓar saƙo, kuma da yawa daga masu fasa azumi a ɓoye wannan ne dalilinsu.

Irin wannan yaye, duk da azabarsa, ba kasafai yake kisa ba, sai fa in amai da gudawa sun ƙarar da ruwan jiki. Wanda yake kisa daban ne, kuma a nan ya kamata kowane ɗan'uwa ya buɗe kunnensa. Ƙwayoyin sa barci da kwantar da hankali, wato Diazepam da samari ke kira D5, da Rohypnol da ake ce wa rochi, da kuma giya ga wanda ya daɗe yana shan ta kullum, waɗannan ba a yanke su dare ɗaya. Mashayin giya yakan fara karkarwa awa 6 zuwa 24 bayan ya bari, jijjiga takan iya zuwa cikin kwana biyun farko, a kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu sukan faɗa wani mugun ruɗewa: zazzaɓi, zuciya tana bugawa da sauri, mutum bai san inda yake ba, yana ganin ƙwari da macizai a bango. In ba a kai shi asibiti ba yana iya mutuwa. Na D5 da rochi yakan ɗan jinkirta kwanaki kafin ya bayyana, shi ya sa ba a cika danganta shi da barin ƙwaya ba, amma shi ma yana kawo jijjigar da take kai mutum kabari. Tramol ɗin ma, da yake tana taɓa ƙwaƙwalwa ta hanya biyu, wasu masu barin ta sukan shiga firgita da gane-gane da jin muryoyi. Kuma samarin yanzu ba abu ɗaya suke sha ba, gambiza suke yi, saboda haka ba mai iya zama a zaure ya yanke hukuncin cewa yayen wane mai sauƙi ne.

Idan yaro ya fara gane-gane da sambatu, nan take sai a ce iska ce ta taɓa shi, ko an yi masa sammu. Ba mai musun aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da su, addu'a kuma makamin mumini ce a kowane hali. Amma a tambaya tukuna: me yake sha, yaushe ya bari? In amsar ita ce shekaranjiya, to a yi masa addu'ar a cikin motar da za ta kai shi asibiti. Kwana uku ana turare da hayaƙi a kan yaron da jijjiga take kayarwa, wannan sakaci ne da rai, ko da niyyar masu yi tsarkakakkiya ce.

Sai maganar mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum kimanin 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka buɗe irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga cikinsu, suna biyan kuɗi, don sun rasa yadda za su yi. Uzurin iyaye a fili yake, amma abin da aka yi da sunan Musulunci a waɗannan gidaje Musulunci ya barranta daga gare shi. Ta fuskar lafiya ma, sarƙa ba abin da take yi illa ta tilasta yankewar dare ɗaya, wadda ita ce mafi haɗari, a wurin da babu likita. Wanda ya tsira ya fito da ƙiyayyar iyayensa da ta malamai, dalilin da ya kai shi sha kuma yana nan ba a taɓa shi ba. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Abin kunya ne a ce sai doka ta koya wa Musulmi cewa ba a ɗaure majinyaci kamar dabba.

Wanda ya halicci ɗan Adam ya fi kowa sanin yadda sabo yake. Haramcin giya bai sauka rana ɗaya ba: aya ta 219 a Suratul Baƙara ta fara nuna cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta, aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sannan ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida suka rufe ƙofar. Kada wani ya fahimci wannan a karkace. Hukunci ya riga ya tabbata, duk abin da ke gusar da hankali haramun ne yau, ba mai cewa zai rage da kansa a hankali yana fakewa da wannan tarihi. Tuba a take ake yin ta. Amma raguwar da likita ya tsara, da awo da lokaci, ga wanda yankewa za ta iya halaka shi, wannan magani ne, babin lalura ne. Kuma Bukhari ya kawo labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda aka sha kawo shi gaban Manzon Allah (S) saboda shan giya ana tsayar masa da haddi. Da wani ya la'ance shi, sai Manzo (S) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. Wanda ya koma sau uku, sau huɗu, bai fita daga 'yan'uwantaka ba. To ina hujjar masu korar yaro daga majalisi don ya zame sau ɗaya?

Abin da ake yi a asibiti ba wani sihiri ba ne. Malamin lafiya zai tambayi me ake sha, nawa, tun yaushe, yaushe aka sha na ƙarshe, an taɓa jijjiga ko a'a. A nan wajibi ne a faɗi gaskiya tsirararta, domin a kan amsar za a gina magani, kuma ɓarin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ya kamata babban wa ko uba ya ba su wuri in yaron yana jin nauyi. Za a duba jini, a duba maleriya don kada a bar ta a baya, a duba ciwon hanta da ƙanjamau ga mai yin allura, irin masu tsira wa kansu Pentazocine. Mai D5 ko rochi, ana rage masa kaɗan-kaɗan cikin makonni, wani lokaci watanni. Mai giya ana kwantar da shi a ba shi maganin hana jijjiga na 'yan kwanaki tare da sinadarin bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Mai Tramol ko kodin ana iya rage masa a hankali, ko a bi alamun ɗaya bayan ɗaya: na gudawa, na amai, na ciwon jiki, da ruwan gishiri da sukari. Akwai kuma magunguna biyu, Methadone da Buprenorphine, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin magungunan dole tun 2005 saboda masu wannan jaraba. Mai wiwi yakan yi mako ɗaya ko biyu yana fama da fushi da rashin barci da rashin ci, amma in ya fara zargin ana bin sa ko yana magana shi kaɗai, sai likitan ƙwaƙwalwa. Babban asibitin gari shi ne matakin farko, daga nan a tura Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Zuwa Kware ba ya nufin mutum ya haukace, kamar yadda zuwa asibitin ƙashi ba ya nufin an gurgunce. Hukumar NDLEA ma tana da layin waya na kyauta don neman shawara, 0800 1020 3040.

Su ma malaman asibiti akwai gyara a wajensu. Saurayin da ya zo da ciwon jiki da gudawa sau uku a wata biyu, gwajin maleriya bai nuna komai ba, haƙƙinsa ne a tambaye shi abin da yake sha, cikin sirri da mutunci. In aka tarbe shi da harara da "ɗan ƙwaya ne", ba zai sake dawowa ba.

Wani abu da ke cin rayuka shiru shi ne komawa bayan an bari. Wanda ya yi wata guda bai sha ba, ko a asibiti, ko a gidan yari, ko a gidan mari, jikinsa ya sauka daga sabon da ya yi. In ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, sai ta yi masa karo, numfashi ya tsaya. Alamar ita ce a same shi ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashi yana fita da ƙyar ko da wani irin minshari, leɓe ya canza launi, tsakiyar baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura. Kada a ce a bar shi ya yi barci ta sake shi. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, domin huhu za su tafi. A kwantar da shi a gefensa, a nemi abin hawa nan take, a tafi da fankon abin da ya sha. Akwai allura mai suna Naloxone da take farfaɗo da numfashi cikin mintuna, kuma ya kamata a ce kowane babban asibiti yana da ita a ɗakin gaggawa.

Kwana goman farko su ne masu sauƙi in aka gwada da watannin da ke biye. Masu bincike a Amurka sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan zame, kusan daidai da masu hawan jini da asma da ciwonsu ke tashi bayan ya lafa. A nan ne aikin 'yan'uwa matasa yake, don likita ba zai bi yaro gida ba. Wane ne zai biyo masa da asuba su tafi masallaci? Wane ne zai raka shi ganin likita ranar da aka sa masa, ya taya shi kuɗin mota? In a fadama ya koyi sha saboda aikin jinga da ya fi ƙarfinsa, wane ne zai samo masa wani aikin, ko ya yi wa mai gonar magana? In firgicin abin da ya gani a daren hari ne yake hana shi barci, wannan ma ciwo ne mai magani, a faɗa wa likita. Majalisar da take iya tara kuɗin bikin ɗaya daga cikinta, tana iya tara kuɗin kai ɗaya daga cikinta Kware.

Mahukunta kuma, wannan yanki ba maraya ba ne a fagen mulki. Bakura ta ba Zamfara gwamna daga 1999 zuwa 2007, Talata Mafara ta bayar daga 2011 zuwa 2019, Maradun ta bayar daga 2019 zuwa 2023. Jama'ar da suka yi layi a rana suka kaɗa waɗannan ƙuri'u suna da haƙƙin su tambayi duk mai riƙe da madafa a yau abu uku ƙanana: a horar da aƙalla nas ɗaya da malamin lafiya ɗaya a kowane babban asibiti na waɗannan ƙananan hukumomi a kan gane ciwon yaye da jinyarsa, a ajiye Naloxone da magungunan hana jijjiga a ɗakin gaggawa, a kuma ware rana ɗaya a mako da likitan ƙwaƙwalwa zai riƙa zuwa, domin talakan da ke tsoron hanya saboda 'yan bindiga ba zai iya zirga-zirgar Gusau da Sakkwato duk wata ba. Kuɗin wannan bai kai na motar rakiya ɗaya a ayarin mai girma ba. Limaman Juma'a na Maradun da Bakura da Talata Mafara, da shugabannin matasa, su rubuta wannan bukata su sa hannu, su kai ta ga shugabannin ƙananan hukumomi da Ma'aikatar Lafiya a Gusau kafin a kammala kasafin kuɗin shekara mai zuwa.